Yadda ake ziyarar Ɗa'ifa daga Makka a yini guda, a dawo da harami

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Umara ta tagar bas suka san Ɗa'ifa. A kwashe su daga masauki da hantsi, a tsaya minti goma nan, minti goma can, a ce kowa ya sayi turare, a wuce miƙati, kafin La'asar an dawo Makka. In ka tambayi mutum me ya gani, sai ya ce sanyi da birai. Abin yana damuna, domin garin ya wuce haka nesa ba kusa ba. A nan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sha wahalar da ta fi ta ranar Uhudu, a nan Abdullahi ɗan Abbas yake kwance, kuma nan ne masu halin Makka suke hawowa su huce tun kafin zuwan Musulunci. Yini guda ya isa a ga Ɗa'ifa gani na sosai, da sharaɗin kai za ka tsara yinin tun daga Makka. Kada ka bar wa direba.

Na farko: tabbatar za ka iya fita, kuma za ka iya dawowa

Fara da takardunka. Bizar Umara ta yanzu tana ba mutum damar zagaya garuruwan Saudiyya, don haka Ɗa'ifa ba ta da matsala. Bizar Hajji kuwa tana da takunkumi, kuma idan lokacin Hajji ya ƙarato ana tsananta shiga Makka sai ga mai izinin Hajji. Wanda ya fita a irin wannan lokacin ba da sanin jami'an alhazai ba, yana iya samun kansa a shingen bincike an hana shi komawa masaukinsa. Alhaji, in aikin Hajji ya kawo ka, tambayi jami'in jiharka ko kamfanin da ya kawo ka kafin ka yi cinikin mota. In kana da niyyar yin Umara a dawowa, duba manhajar Nusuk, ta ma'aikatar Hajji da Umara ta Saudiyya, tun daren jiya ka ga ko ana buƙatar izini a ranar.

Sai zaɓen lokaci. Ɗa'ifa tana kan tsaunukan Sarawat, tsayinta kusan mita 1,880 daga doron teku, Makka kuwa ba ta wuce mita 300 ba. Iska tana yin sanyi da kamar digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau, shi ya sa za ka tarar da bambancin digiri goma ko kusa da haka tsakanin garuruwan biyu, alhali tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Wanda ya san sanyin Jos, wadda tsayinta bai fi mita 1,200 da 'yan kai ba, sai ya ƙara a kai.

Kowane lokaci da abin da yake bayarwa. Daga wajajen Maris zuwa ƙarshen Afrilu furen wardi yake buɗewa, kuma a ganina babu lokacin da ya kai wannan. Daga Yuli zuwa Satumba lokacin inabi ne da ɓaure da rumman, amma kuma lokacin ne 'yan ƙasar ke kwararowa hutu, masauki ya yi tsada, hanya ta cushe. Disamba da Janairu akwai sanyi mai shiga ƙashi da dare, ga hazo mai laima da yake rufe kan dutsen. Ko wane wata ne, kauce wa Juma'a da Asabar, su ne ranakun hutun mako a can, kuma safiyar Juma'a kusan komai a rufe yake. A Ramadan kuma gidajen abinci ba sa buɗewa da rana, sannan kowane dare da ka kashe a waje ka rasa Tarawihin Harami. Ni dai ba na ba mutum shawarar ya je a goman ƙarshe.

Na biyu: mota da direba

Hanyoyi biyu ne. Ta Hada ita ce gajeriya, kusan kilomita 90, ita ce mai hawan dutse da kwanoni. Ta Sailul Kabir ta fi tsawo, amma hawanta a hankali yake, kuma manyan motoci ita suke bi. Wannan shi ne dalilin da ya sa wanda ya bi bas ɗin ziyara sau da yawa ba ya ganin mafi kyawun ɓangaren tafiyar.

Ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki shatar ƙaramar mota ta yini. In kun kai shida ko bakwai, ku nemi mai kujeru bakwai. Uber da Careem suna aiki a garuruwan biyu, amma ga mai tsaye-tsaye da yawa shata ta fi sauƙi. A Makka ba wuya a samu direba mai jin Hausa, cikin 'yan'uwanmu da aka haifa a can, kuma hakan yana rage rashin fahimta ƙwarai, musamman in akwai dattawa a tafiyar.

Kafin kowa ya sa ƙafa a mota, a gama magana a kan abubuwan nan: za a hau ta Hada, awa nawa ne shatar, waɗanne wurare za a tsaya, zai jira ku a miƙati har ku yi wanka ku shirya, kuma a ina zai sauke ku a Makka. A rubuta sunayen wuraren a waya a nuna masa. A ba shi wani abu na mai a farko, cikon sai an dawo. Rigimar da aka fi yi da direbobi ba ta wuce ta jira ba, shi yana sauri ya dawo ya sake ɗaukar wasu, ku kuma ba ku gama ba. Ka kuma tambaye shi da asuba ko hanyar Hada a buɗe take, domin ana rufe ta idan an yi ruwa mai ƙarfi, ko hazo ya yi yawa, ko ana gyara.

Na uku: jaka

Harami a cikin leda tasa daban, da bel ɗinsa da silifa. Tawul da sabulu marar ƙamshi. Rigar sanyi ga kowa, ko da a watan zafi ne, domin yamma a kan dutse daban take. Fasfo ko hoton bizarka a waya da kuma a takarda. Kuɗi a hannu, ƙananan riyal, saboda masu sayar da 'ya'yan itace a bakin hanya. Mai hawan jini, mai ciwon suga da mai asma kowa ya riƙo maganinsa a aljihu. Wanda mota ke juya wa ciki ya sha maganin jiri rabin awa kafin a tashi, ya ci abu kaɗan marar maiƙo, ya zauna gaba, ya riƙe citta ko cingam da leda.

Na huɗu: hawan Hada

Ku yi Asuba a Harami, ku karya, ku tashi kafin rana ta ɗaga. Za ku bi ta gefen Arafa, ku ratsa kwarin Nu'uman, ƙasa shimfiɗaɗɗiya, sai ga dutsen Kara ya tare gabanku kamar babu hanyar wucewa. Daga ƙauyen Kar da ke gindinsa hawan yake farawa, kamar kilomita 20 na kwana bayan kwana, titin yana manne da jikin dutse. Kowa ya ɗaura bel. In kunne ya toshe, haɗiye yawu ko ka yi hamma, zai buɗe. Mai jin jiri ya ajiye waya ya riƙa kallon nesa.

Wajen rabin hawan sai a kashe na'urar sanyaya mota a sauke gilashi kaɗan. Za ka ji iskar ta canja a fatarka tun kafin ka ga gari. Akwai wuraren da aka tanada don tsayawa, a nan kaɗai za ku tsaya, ban da kan kwana. Ka leƙa ƙasa ka ga titin da kuka biyo ya nannaɗe, motoci sun zama 'yan mitsi-mitsi, can nesa kuma filin Tihama, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke gindin tsaunukan, yana rawa cikin zafi. Kafin a fasa wannan titin, da ƙafa da raƙuma ake hawa, kuma tsohuwar hanyar ayarin da aka shimfiɗa da duwatsu tana nan har yau a jikin dutsen.

A nan ne za ku haɗu da gwaggon biri, garke-garke a kan katangar titi. Manyan mazan suna da furfurar gashi a kafaɗa, uwaye kuma da 'ya'ya maƙale a ciki. Na ga wani babba ya dira a kan mota, ya zauna daram yana leƙen gilashi, idonsa a kan ledar ayaba da ke cinyar wata Hajiya, bai ko kalli mutanen ciki ba. Sun san leda, sun san abin da ke cikinta. Ku ɗaga gilashi idan sun matso, kada yaro ya fita da abinci a hannu, kada kuma a jefa musu komai. Hukuma ta hana ciyar da su, akwai tara, kuma ciyarwar ce ta sa suka baro daji suka tare a bakin titi suna cizon mutane.

Na biyar: gonar wardi, tun da sauran raɓa

Da kun ƙarasa sama kun shiga Hada. In lokacin fure ne, gonar wardi za ku fara nufa, domin da asuba ake tsinka, kafin rana ta yi zafi ta kwashe man da ke jikin furen. Wanda ya zo da Azahar sai dai ya tarar da itatuwa kore. Furen ɗan ƙarami ne, ruwan hoda, ƙamshinsa yana tarar ka tun daga bakin gona.

Daga gona sai matatar turare, galibi suna kusa da juna, kuma da yawansu suna barin baƙi su shiga. Ka tsaya ka kalli aikin, ya cancanci rabin awa. Ana auna furen a sikeli, a juye shi cikin manyan tukwanen jan ƙarfe, a zuba ruwa, a rufe a liƙe bakin, a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bi ta bututu, bututun ya ratsa cikin ruwan sanyi, sai ya riƙa ɗiga cikin wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya. Bayan awanni za ka ga wani ɗan siririn layi ya taso a wuyan kwalbar, shi ne man, da sirinji ake zuƙe shi. Sai an dafa fure 10,000 ko fiye kafin a samu tola ɗaya, wato kusan giram 12. Da wannan wardin ake haɗawa a ruwan wanke Ka'aba, kuma a 2024 hukumar UNESCO ta sa al'adun da ke tattare da shi cikin jerin kayan gadon duniya.

Wannan lissafin shi zai tsare ka a wajen saye. Duk wanda ya miƙo maka tola da araha ya ce zallar man wardin Ɗa'ifa ne, ka san an gauraya shi ko na haɗi ne. In aljihu bai kai ba, sayi rubu'in tola a matatar kanta, ko ka tsaya a ruwan wardi, wanda ake ɗigawa a shayi, a shafa a fuska. Shi ma hawa-hawa ne, wanda ya fara fitowa ya fi ƙarfi, shi suke kira ma'ul arus. Duk abin da ka saya a ɗaure shi a leda biyu a ajiye nesa da haraminka.

Na shida: Masna, inda ya kamata a daɗe

Daga Hada ku gangara cikin gari ku nufi unguwar Masna a kwarin Wajji. Shawarata ita ce kafin ku sauka daga mota, ko ma tun a hanya, wani a cikinku ya ba da labarin da babbar murya, domin wanda bai san abin da ya faru ba zai ga tsofaffin gine-gine ne kawai.

A shekara ta 10 bayan aiko shi, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah ya taho Ɗa'ifa da ƙafa, daga shi sai Zaidu ɗan Harisa. Ka tuna dutsen da ka hawo yanzu a mota. Ya je wa shugabannin Saƙifu, ƙabilar garin, 'yan'uwa uku, Abdu Yalil da Mas'udu da Habibu, ya kira su zuwa ga Allah. Suka yi masa izgili, sannan suka tura yara da wawayen gari suka yi layi suna jifansa har jini ya jiƙa takalmansa, Zaidu yana kare shi da jikinsa har aka fasa masa kai. Ya fake a wata gonar inabi ta Utba da Shaiba, 'ya'yan Rabi'a, mutanen Makka ne kuma maƙiyansa, amma tausayin zumunci ya kama su, suka aiki bawansu Addasu da nonon inabi. Da Annabi ya miƙa hannu ya yi Bismillah, Addasu ya yi mamaki, domin mutanen wannan ƙasa ba sa faɗin haka. Shi Kirista ne daga Ninawa. Annabi ya ce masa garin bawan Allah na gari Yunusa ɗan Matta ke nan, ɗan'uwansa ne a annabci. Addasu ya sunkuya yana sumbatar kansa da hannuwansa da ƙafafunsa.

A wannan yankin akwai Masallacin Addasu, da Masallacin Ku'u a gindin wani ɗan dutse, da Masallacin Madhun mai tsohuwar hasumiya. Gaskiyar da ya kamata ka riƙe ita ce, duk an gina su ne ƙarnoni bayan faruwar abin. Labarin da direba zai ba ka cewa ga daidai inda Annabi ya jingina gwiwar hannunsa, ko ga dutsen da aka so a mirgino masa, magana ce ta bakin mutane. Babu wata sallah ta musamman da aka shar'anta a wuraren nan, ba a shafar bango, ba a ɗebo ƙasa. Abin da yake tabbas shi ne garin ne, kwarin ne, kuma har yanzu akwai ragowar gonaki a wurin. Wannan ya isa. Ka nemi inuwa ka zauna, ka yi salati, ka bar zuciyarka ta auna abin da aka sha kafin addinin nan ya iso gare ka. Kada a gaggauta wa kowa a nan, ko da za a soke wani wurin daga cikin jerin.

Ka kuma ba yaranka ƙarshen labarin. A shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunainu, Musulmi suka kewaye Ɗa'ifa ba su samu shiga ba. Aka nemi Annabi ya yi wa Saƙifu mummunar addu'a, sai ya roƙa musu shiriya. A shekara ta 9 suka aiko tawaga Madina da kansu suka musulunta, aka rushe gunkinsu Lata, aka naɗa musu Usmanu ɗan Abil Asi, wanda yake cikin mafi ƙarancin shekaru a tawagar, saboda kwaɗayinsa ga Alƙur'ani. Daga cikin zuriyar Saƙifu aka samu Muhammadu ɗan Ƙasim, wanda ya kai tutar Musulunci Sindu, a Pakistan ta yau.

Na bakwai: Azahar a Masallacin Ibnu Abbas, abinci, kasuwa

Ku daidaita lokaci Azahar ta same ku a Masallacin Abdullahi ɗan Abbas da ke tsakiyar gari. Ɗan baffan Annabi ne, wanda aka roƙa wa fahimtar addini da sanin fassarar Alƙur'ani. A Ɗa'ifa ya ƙare rayuwarsa bayan idanunsa sun tafi, ya rasu a shekara ta 68 bayan Hijira. Maƙabartar tana jikin masallacin an kewaye ta da katanga, kuma a nan kusa aka binne sahabban da suka yi shahada a lokacin kewaye garin. A yi musu sallama irin ta ziyarar maƙabarta, a yi musu addu'a, a roƙi Allah shi kaɗai.

Game da ƙasaru, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Ibnu Abbas yana yin ƙasaru a tafiya irin ta tsakanin Makka da Ɗa'ifa. To kai matafiyi ne yau. In ka bi limamin gari ka cika huɗu tare da shi, in kuma ku kaɗai kuka yi a hanya, raka'a biyu ce.

Abincin rana kada ya wuce saliƙ, shi ne abincin garin. Shinkafa ce da ake dafawa da romon kaza ko na rago, a zuba madara, a yi ta juyawa har ta yi laushi tuɓus, a kwarara man shanu a ɗora naman a sama, a kawo ta da ɗan miyar tumatir mai yaji a gefe. Faranti ɗaya yana isar mutum biyu, kuma dattijon da haƙori ya yi wa ƙaranci zai ji daɗinta.

Tsohuwar kasuwa tana kusa da masallacin, da ƙafa ake zuwa, amma shaguna da yawa suna rufewa bayan Azahar sai La'asar. Akwai zuma, musamman ta magarya da suke kira sidir, da man shanu, da kayan ƙamshi. Ɗanɗana kafin ka saya, ka kuma taya. In kun bi ta gaban Fadar Shubra, farin gini mai tagogin katako da aka gama a farkon ƙarni na 20, ku ɗan tsaya. Sarki Abdul'aziz ya zauna a cikinta, kuma a Ɗa'ifa ya rasu a 1953.

Na takwas: yamma, zaɓi ɗaya cikin biyu

Ba za ku iya haɗa Shafa da motar igiya a yamma ɗaya ba sai da gudu, to ku zaɓa.

Shafa tana kudu maso yammacin gari, tafiyar kamar rabin awa, kuma ta fi Ɗa'ifa tsayi, ta haura mita 2,000. Can ne itatuwan ar'ar suke, da gonaki hawa-hawa a jikin dutse, da Dutsen Daka inda ake hango gangaren Tihama idan gari ya washe. Wani lokaci kana zaune gajimare zai taso daga ƙasa ya lulluɓe ku har ka kasa ganin motarku. Iyalai suna shimfiɗa darduma, ana dafa shayi da na'ana'a a kan gawayi, yara suna hawan doki da raƙumi. A bakin hanya akwai rumfunan 'ya'yan itace. Ka gwada barshumi, ɗan wani tsiro mai ƙaya, amma kada ka taɓa shi da hannu, ƙayoyinsa siraran gaske ne ba a ganin su sai sun shiga. Mai sayarwa zai yanke kai da gindi, ya tsaga ɓawon, ya miƙo maka tsokar. Biyu ko uku sun isa, yawansa yana ɗaure ciki. Kada ka ɗauki hoton iyalin mutane ba da izininsu ba, doka ta hana. Ga mai dattawa ko mai neman natsuwa, Shafa na fi so.

Masu yara da matasa kuma motar igiya za ta fi burge su, wadda ake kira talfirik a can. Tana tashi daga Hada ta sauka ƙauyen Kar, tsawon igiyar ya haura kilomita 4, kana rataye a sama titin da kuka hawo da safe da tsohuwar hanyar raƙuma suna ƙarƙashinka. A ƙasa akwai wurin wasan ruwa da na yara. Ba ta cika fara aiki da safe ba, kuma iska mai ƙarfi tana tsayar da ita, don haka a bincika kafin a tafi. Sayi tikitin zuwa da dawowa. Dalilin yana cikin mataki na gaba.

Wanda zai kwana yana da ƙarin wurare washegari: lambun Rudaf mai manyan duwatsu, filin kasuwar Ukaz inda mawaƙan Larabawa suke gasa kafin Musulunci, da madatsar ruwan Saisad wadda rubutun da ke jikin dutsenta ya nuna an gina ta don Mu'awiya a shekara ta 58 bayan Hijira.

Na tara: miƙati

A nan aka fi yin kuskure, to a natsu. Hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Buhari da Muslim ya nuna Annabi ya sanya Ƙarnul Manazil miƙatin mutanen Najadu, kuma miƙatai na mutanensu ne da duk wanda ya biyo ta kansu yana nufin Hajji ko Umara. Ƙarnul Manazil shi ne Sailul Kabir na yau. A hanyar Hada kuma akwai masallacin Wadi Muhrim, wanda yake saman wannan kwarin, a nan masu bin ta dutse suke ɗaura harami.

Ka lura da jerin wuraren: in ka fito daga Ɗa'ifa, Wadi Muhrim za ka fara tararwa, sannan Hada, sannan gangara. Ma'ana tashar motar igiya tana gaba da miƙati ta ɓangaren Makka. Wanda ya sauka Kar a motar igiya ya ce direba ya same shi a ƙasa su wuce, alhali yana da niyyar Umara, ya ƙetare miƙati babu harami. Ko dai ya koma, ko yanka ya hau kansa. Saboda haka a dawo sama, a koma baya 'yan kilomitoci zuwa Wadi Muhrim, a shirya a can.

In daga Shafa ko cikin gari kuka taso kuma duhu ya fara, ku bi ta Sail. Ta fi sauƙin sauka da dare, masallacin miƙatin babba ne, da wuraren wanka masu yawa na maza da na mata, da shagunan harami. Akwai kuma wani dalilin da ya sa nake son a sauka ta nan. Nana A'isha ta ruwaito cewa da Annabi ya baro Ɗa'ifa cikin baƙin ciki, bai farga ba sai a Ƙarnus Sa'alib, wanda malamai da yawa suka ce shi ne Ƙarnul Manazil. A nan Jibrilu ya zo masa da mala'ikan duwatsu, wanda ya ce in ya so zai haɗe musu manyan duwatsu biyu na Makka. Annabi ya ƙi, ya ce yana fatan Allah ya fitar daga tsatsonsu da waɗanda za su bauta masa shi kaɗai.

Tsarin shirin sananne ne. Ka yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ka wanke duk inda masu turare suka shafa maka a hannu da wuya, domin a mazhabar Malikiyya ba a son ƙamshin ya saura a jiki lokacin ɗaukar harami, ko da yake wasu malamai sun halatta shafa shi a jiki kafin niyya. Namiji ya cire duk ɗinkakken kaya da hula, ya ɗaura gyauto ya yafa mayafi. Hajiya, kayanki na sutura su ne haraminki, ban da niƙabi da safar hannu. In kina cikin al'ada kuma kina son Umarar, za ki yi wanka ki yi niyya a miƙati kamar kowa, ɗawafi ne kawai za ki jinkirta sai kin yi tsarki, don haka ki lissafa kwanakin da suka rage miki a Makka kafin ki shiga. A yi nafila raka'a biyu in lokacin nafila ne, ko a ɗauki harami bayan farilla, a yi niyya, a fara Labbaika. Daga nan babu turare, babu rufe kai ga namiji ko da sanyi ya dame shi. Ya dai lulluɓa bargo a kafaɗa.

Ba dole ne kowa ya yi Umara ba. Mashahurin zance a Malikiyya shi ne maimaita Umara a shekara ɗaya makaruhi ne, wasu mazhabobin kuma suna ganin babu laifi, har ma da lada. Haka nan akwai saɓani a kan wanda zai koma Makka ba da niyyar Umara ba, malamai da yawa sun ce babu harami a kansa saboda hadisin ya ambaci mai nufin Hajji ko Umara ne. Tambayi malaminka tun kafin ranar tafiya, kada a tsaya ana gardama a ƙofar banɗakin miƙati direba yana danna ham. Dattijon da ya gaji da yinin nan, kada a matsa masa.

Na goma: shiga Makka

Daga Sail zuwa Makka kamar awa ɗaya ce. Ku fito da takardunku kafin shingen bincike. Ku sa direba ya kai ku masauki tukuna ku ajiye kaya, kuma wanda ke cikin harami kada ya buɗe ledar turaren, ya bar ta yadda take. Babu laifi mai harami ya ci abinci, ya ɗan kwanta, sannan ya tafi Harami idan ƙarfinsa ya dawo, ya yi ɗawafi da sa'ayi, ya yi aski ko saisaye. Ranar komawa gida kuma, ruwan wardi da zuma a babbar jaka za su shiga, a naɗe cikin tufafi, domin kwalbar da ta wuce mililita 100 ba a barin ta a jakar hannu.